Gina da Fitila: Darasin Farkon Damina

Da zarar ruwan farko ya jiƙa ƙasa a birnin Katsina, wajen watan Mayu ko Yuni, sai gina ta lulluɓe fitilu bayan magariba, tun daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Ƙaura. Takan faɗa cikin abinci, ta kuma hana ɗalibi karatu. Shin daga ina take fitowa, kuma me ya haɗa ta da fitila?

Gina dai gara ce mai fukafukai. A cikin suri akwai ma'aikata, da zago masu tsaro, da sarauniya wadda ke yin dubban ƙwai a kullum. Gina kuwa maza da mata ne masu haihuwa, waɗanda ke jiran ƙasa ta yi laushi. Sukan fito gaba ɗaya domin tsuntsaye da kwaɗi da ƙadangaru su ci su bar saura. Waɗanda suka tsira sai su zubar da fukafukai, namiji ya bi mace, su haƙa rami su kafa sabon gida. A nan haɗarin yake, domin idan ramin ya faɗo a gindin bango, wata rana gara za ta ci katakon rufi da littattafan makaranta.

An daɗe ana cewa ƙwari son haske suke yi. Amma a shekarar 2024 masu bincike daga Ingila da Amurka sun nuna cewa ƙwaro kan juya bayansa ne ga inda ya fi haske, domin a daji sama ce ke wannan matsayi. Fitila sai ta rikita shi, ya yi ta zagaya ta har ya gaji.

Saboda haka dabarar tana ga fitila. A kashe ta ɗaki, a kunna wata a tsakar gida, a ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinta. Ƙwan lantarki ruwan ɗorawa bai kai fari tara ƙwari ba. Feshin magani a rufaffen ɗaki kuwa yana iya cutar da numfashi, alhali taron kan watse da kansa cikin dare.

Aiki ga ɗalibai: ku ajiye kwano ɗaya ƙarƙashin farar fitila, ɗaya ƙarƙashin ruwan ɗorawa. Da safe ku ƙirga abin da ya faɗa a kowanne, ku kai wa malaminku sakamakon.