Zanen Haruffa Da Hannu: Ƙugiya Da Tazara

Sau da yawa ɗalibin da ya zaɓi darasin zane ya kan zo da zaton tun ran farko za a sa shi zana doki, ko duwatsun Shere da mu ke hange gabas da Jos. Da ya ji an ce ya ɗauki rula ya ja layuka, ya yi ta zana o da n har mako biyu, sai ransa ya ɓaci, ya ce ai shi ya wuce nan tun yana aji ɗaya. To, ku sani rubutu dabam, zanen harafi dabam. Mai rubutu hankalinsa yana kan maganar da zai faɗa, mai zanen harafi kuwa hankalinsa yana kan siffar harafin da filin da ke kewaye da shi. Malamin makaranta yana bukatar duka biyu, domin allonsa shi ne littafin farko da yaro ke karantawa, kuma irin harafin da yaro ya gani a allo shi zai kwaikwaya har ya girma.

Mu fara da alƙalami. Ba sai an kashe kuɗi ba. Ku dubi yadda almajiri ke fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya yanke bakinsa da faɗi. In ya ja shi ƙasa layin ya fito da kauri, in ya ja shi gefe ya fito siriri, ba tare da ya danna ba. Wannan shi ne asirin da wani Bature mai suna Edward Johnston ya tono daga tsofaffin littattafan hannu na Turai, ya bayyana shi cikin littafinsa na 1906, har daga baya, cikin 1916, ya zana haruffan da a ke sa wa tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Abin da shi ya sha wahala kafin ya gano, ga shi nan a kowane zaure na Gangare da Dilimi. Wanda bai sami gamba ba ya ɗaure fensir biyu da zare, ya rubuta da su tare, zai ga kauri da siranta sun fito da kansu.

Tsayin harafi da faɗin bakin alƙalami a ke auna shi. Ƙananan haruffa irin su a, o, n, a ba su faɗin baki huɗu. Masu dogon wuya, watau b, d, h, k, l, su kai bakwai. Manyan haruffa kuwa shida sun isa, don in sun kai bakwai sai su danne sauran. A karkata bakin alƙalami kamar digiri 30 daga layi, kada kuma a sake wannan karkata har a gama shafi. Lokacin hunturu, da ya ke sanyin Jos da bushewar iskarta ba a ba yaro labari, tawada kan daskare a bakin alƙalami tun ba a gama kalma ba. Sai a ajiye tsumma mai laima kusa, a riƙa sharewa.

Yanzu ga inda zane ya shigo. Ku tafi Gidan Kayan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa cikin 1952, ku zauna gaban tukwanen da aka tara can daga ƙasashe dabam dabam na Nijeriya. Ku zana tukunya biyu da ke kusa da juna, amma kada ku zana tukwanen kansu, ku zana filin da ke tsakaninsu kaɗai. Da farko abin zai yi muku kamar wauta. Amma wanda idonsa ya saba ganin wannan fili, shi ne zai iya jera haruffa. Dalili kuwa, rula ba ta iya raba tazarar haruffa. In ka sa tazara ɗaya tsakanin kowane harafi da ɗan'uwansa cikin kalmar MAKARANTA, za ka ga N da T sun matsu, T da A kuwa sun buɗe kamar giɓi. Ka ƙaddara kana zuba yashi tsakanin haruffan, ka ga kowane gurbi ya ci mudu ɗaya. Miƙaƙƙe da miƙaƙƙe, kamar H da I, a nisanta su. Kewayayye da kewayayye, kamar o da o, a kusanta su. Har wa yau o ta kan ɗan zarce layi sama da ƙasa, in ba haka ba sai ido ya ga kamar ta fi n ƙanƙanta, alhali kuwa tsayinsu ɗaya.

Kada wani ya raina wannan horon ido. Uche Okeke, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zane na ƙasar nan, a Jos ya nuna zane-zanensa ga jama'a tun kafin ya shiga kwalejin Zariya, inda shi da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane cikin 1958. Duk wanda ya ga aikinsa ya san ƙarfinsa a layi ya ke, layi tsura na alƙalami da tawada.

Sai babbar magana, watau haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Da aka fara rubuta Hausa da boko, waɗansu ɗigo su ke sawa ƙarƙashin harafi, waɗansu kuwa waƙafi a sama. Cikin shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabantar ofishin talifi na Zariya, aka tsaya a kan ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, da ta fara fitowa cikin Janairun 1939, ita da littattafan Zariya suka kai haruffan nan ko'ina. Ba ƙaramin aiki ba ne, don a zamanin ɗab'i da darma kowane harafi sai an zana shi, an sassaƙa, an zuba shi. Tafireta kuwa yawancinta ba ta da su, sai akawu ya buga b ko d ko k, sa'an nan ya bi da alƙalami yana sa ƙugiya. In ya manta, shi ke nan.

Ku zaga Titin Bauchi ko wajen Taminus ku karanta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Akwai gwanayen buroshi ƙwarai, masu iya sa wa harafi inuwa har ka ce zai faɗo. Amma ƙugiya fa? Sai ka ga an rubuta Masaukin Baki inda a ke nufin baƙi. Bakano zai karanta ya wuce, don kunnensa ya riga ya gaya masa abin da a ke nufi. Yaranmu na nan Filato kuwa, da yawansu Birom ne, ko Angas, ko Afizere, ko Anaguta, Hausa harshensu na biyu ne. Yaron da malaminsa ya rubuta masa kafa da ƙafa iri ɗaya, da bari da ɓari, da kaya da ƙaya, ina zai koyi bambancin? A ganina malamin da ya yar da ƙugiya a allo ya fi wanda ya yi mummunan rubutu laifi.

Ga yadda a ke zana su. A ƙananan haruffa ƙugiya daga kan wuya ta ke fitowa ta lanƙwasa dama, kuma da jan alƙalami ɗaya a ke yinta tare da wuyan, ba a liƙa ta daga baya kamar an rataya hula a ƙusa. Kada ta wuce tsayin l da h. A manyan haruffa akwai bambanci, nan ne kuma ɗalibai suka fi ruɗewa: ƙugiyar Ɓ da Ɗ hagu ta ke fita daga sama, ta Ƙ kuwa a kan hannunta na dama na sama ta ke. A lura da ɗ musamman. Da ya ke wuyanta yana gefen dama, ƙugiyarta kan leƙa kan harafin da ke biye, in kuwa i ce, kamar a ɗinki ko daɗi, sai ƙugiya da ɗigo su yi karo. Maganinsa a taƙaita ƙugiyar, a ɗan ƙara tazara kaɗan. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suna da na huɗu, ƴ, inda mu mu ke rubuta 'y.

Wani zai ce, ai kwamfuta ta ɗauke mana wannan wahala. Gaskiya ne haruffan nan suna cikin kwamfuta da wayar hannu. Amma ba kowane salon haruffa ke da su ba, in kuwa babu, sai injin ya aro ƙ daga wani salo, ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, kamar baƙuwar akuya cikin garken tumaki. Wanda bai taɓa zana harafi da hannu ba, ba zai ma lura ba. Haruffan injin kansu hannu ne ya haife su. Gutenberg, wajen 1450, rubutun magatakardan Jamus ya kwaikwaya. Cikin shekarun 1980 kuma, da a ke neman salon haruffa guda da zai ɗauki harsunan Nijeriya, Hermann Zapf na Jamus aka nema ya zana shi, mutumin da ya koya wa kansa rubutun alƙalami yana saurayi, da taimakon littafin nan na Johnston.

Aikin wannan mako: kowa ya ja layukansa a babbar takarda, ya zana kalmomi uku, ƙaƙƙarfa, ɗaɗɗaure, ɓaɓɓake, da ƙananan haruffa, sa'an nan da manya. In ya gama ya kafa takardar a jikin allo, ya koma benci na ƙarshe, ya runtse ido kaɗan ya duba. Inda ya ga baƙi ya taru, haruffa sun matsu. Inda haske ya yi yawa, sun buɗe. Ya gyara, ya sake zanawa, ya kawo duka biyun ran Litinin.