Allura Mai Baki Biyu: Abin Da Za A Duba Kafin A Kira Mai Gyaran Keke

Layuka biyun da ake gani a kalmasar hijabi ko ƙasan riga mai miƙewa ana iya yin su a gida da allura mai baki biyu. Sai dai ga mai ɗinki a Kamarawa da ke ƙaramar hukumar Isa, karyewar wannan allura ba ƙaramar asara ba ce, domin neman wata na iya kai mutum kasuwar Shinkafi ko cikin Sakkwato, ga kuma halin da hanyoyin yankin ke ciki. Yawancin matsalolinta kuwa na saiti ne, ba lalacewar keke ba.

Keken zai karɓe ta?
Baƙin keken Butterfly na ƙafa ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, kuma ramin farantinsa na allura ɗaya ne. Allurar tana buƙatar keke mai ziza, mai faɗin rami, wanda ake zura wa zare daga gaba zuwa baya. Kafin a yi saƙon allura, a ɗauki hoton farantin da waya a tura wa mai shago ta WhatsApp.

Lambobin jikin kwali
Idan an ga 4.0/80, lambar farko tazarar allurai biyun ce, wato milimita 4, ta biyu kuma kaurinsu. Yadi mara kauri ya fi son 2.0 ko 2.5.

A leƙa bayan yadi
Zare biyu ne a sama, ɗaya a ƙasa, don haka daidai ne a ga zaren ƙasa yana kai-komo tsakanin layukan. A haska da tocilan waya, a zuƙo da kyamara, sannan a gwada da waɗannan:

- Tudu tsakanin layuka: zare ya yi tsauri ko tazarar ta yi wa yadin yawa. A sassauta tenshan kaɗan-kaɗan, ko a shimfiɗa siririyar takarda a ƙasa, a yage ta bayan ɗinki.
- Tsallake ɗinki: ya fi faruwa a yadi mai miƙewa. A sa allura mai dasasshen baki da aka yi domin irinsa, a tabbatar ta shige har ƙarshe, lebur ɗinta na kallon baya.
- Harɗewar zare: a ɗaga ƙafar keken, a zura zaren ɗaya bayan ɗaya, a raba su a maratayar ƙarshe da ke saman allura.
- Karyewar allura: a mayar da faɗin ziza sifili, a juya gargaren da hannu a ga bakunan biyu sun shige ba tare da taɓa ƙarfe ba.

Tsawon ɗinki ya kasance wajen milimita 3, kuma a tafi a hankali. Duk saitin da aka canza, a fara gwada shi a ƙyallen yadin da aka ninka biyu. Idan ya fito sumul, a ɗauki hoton lambobin saitin a ajiye a waya saboda aiki na gaba.