Tayar da Kwamfutar Tebur Daga Faifan SSD na Waje

Wani mai shagon buga takardu a unguwar Guéma da ke Parakou ya aiko da wannan tambaya: "Malam, kwamfutata ta tebur 'yar kwatano ce, ƙirar Dell. Kafin ta tashi da safe sai in sha shayi in gama. Na sayi faifan SSD mai gida da wayar USB. Zan iya zuba Windows a kai ta riƙa tashi daga can? Kuma in na je Djougou wurin ƙanena, zan iya jona shi a tasa in ci gaba da aikina?"

Duka biyun za su yiwu, Alhaji. Amma tambayoyi biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

In sauri kawai kake nema, kada ka wahalar da kanka da USB. Akwatin kwamfutar tebur a buɗe yake ga mai son gyara, wasu ma ba sa buƙatar sukudireba. Wasu gidajen da ake sayarwa faifan SATA mai inci 2.5 ne a cikinsu, ana iya zaro shi a jona a wayar da tsohon faifai mai juyawa yake kai. Ta wannan hanya yana kaiwa wajen megabait 550 a daƙiƙa, in allon kwamfutar na da SATA na uku; a kan na biyu zai yi kamar rabin haka, kuma ko hakan ya fi tsohon faifan nesa ba kusa ba. Ba wayar da yaron shago zai shure, ba ƙurar hunturu a bakin rami. Ga kwamfutar da ba ta barin tebur, wannan ce shawarata.

Faifan waje yana da amfani ne in kana son Windows ɗinka, da manhajojinka, da takardun kwastomomi su bi ka a aljihu, ko kuma kwamfutar ba taka ba ce balle ka buɗe ta. To a nan sai ka fara da leƙa bayan akwatin. Ramin USB mai baƙin harshe galibi 2.0 ne, iyakarsa a aikace megabait 35 zuwa 40 a daƙiƙa, bai kai ko rabin abin da tsohon faifanka ke yi wajen kwashe manyan fayiloli ba. Mai shuɗin harshe, ko wanda aka rubuta SS a gefensa, shi ne 3.0, yana iya kusantar 400. Dell OptiPlex 790 da 990, da HP Compaq 8200, duk 2.0 kaɗai gare su. Daga OptiPlex 7010 da HP 8300 aka fara samun 3.0. Wasu kan sayo ƙaramin kati su ƙara ramukan 3.0 a tsohuwar kwamfuta. Katin zai yi aikin kwashe fayiloli, amma mafi yawan kwamfutoci ba sa ganinsa lokacin tashi, don haka ba zai fisshe ka ba. Kuma ka jona faifan a baya, kai tsaye, da gajeruwar waya. Ramukan gaba da ƙananan na'urorin raba USB su ne tushen yawancin yankewa.

Sai batun zuba Windows. In ka ɗauko filashin girka Windows na yau da kullum ka nuna masa faifan USB, zai ƙi. Microsoft ta taɓa samar da hanya ta musamman mai suna Windows To Go tare da Windows 8 a 2012, ta sanar da daina bunƙasa ta a 2019, ta cire ta a 2020. Yau abin da masu gyara ke amfani da shi shi ne Rufus, manhaja ce kyauta. Za ka ba ta fayil ɗin ISO na Windows da ka sauke daga shafin Microsoft, ka sa mata alamar da ke nuna manyan faifan USB domin SSD ɗinka ya bayyana, sannan a zaɓin nau'in aiki ka ɗauki Windows To Go. Ka duba sunan faifan sau biyu kafin ka danna, domin duk abin da ke kansa zai shafe.

Wurin da mutane suka fi tuntuɓe shi ne zaɓi tsakanin tsarin raba faifai na GPT da na MBR a cikin Rufus. Kwamfuta mai tashi da tsarin UEFI tana son GPT, tsohuwa mai BIOS zalla tana son MBR. In aka saɓa, za ka ga faifan lafiyarsa ƙalau amma kwamfutar ta ce ba ta ga abin tashi ba. Tunda kana son yawo da shi tsakanin Parakou da Djougou, ka binciki ta ƙanenka tun kafin ka fara, ka saita su biyun su riƙa tashi iri ɗaya.

Bayan an gama, ka kunna kwamfuta kana danna F12 in Dell ce ko Lenovo, F9 in HP ce, ka zaɓi faifan daga jerin da zai fito. In kana son ta riƙa tashi daga can kullum, ka shiga saitin BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, ka ɗora USB a sahun farko. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai wani lokaci sukan zo an toshe musu tashi daga USB, sai a buɗe a nan. Idan kuwa ka saita yau, gobe ta manta, har agogonta ya koma baya, ƙaramin batirin allo ne ya mutu. CR2032 ne, irin na agogo mai faɗi, masu gyaran agogo ma na sayarwa.

Tashin farko a kwamfutar Djougou zai ɗauki lokaci, domin Windows zai nemi direbobin sabon allo, kuma zai so intanet. Lasisi ma na iya yin ƙorafi, don yana ɗaure ne da kwamfutar da aka fara kunna shi. Ka kuma tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman TPM 2.0 da Intel zubi na takwas zuwa sama, abin da tsofaffin 'yan kwatano ba su da shi. Ga wanda aikinsa rubutu ne da intanet, tsarin Linux irin su Linux Mint ko Ubuntu sun fi sauƙin zama a faifan waje, kuma ba ruwansu da lasisi. Sai dai ka zare wayar faifan ciki kafin girkawa, don kada manhajar tashi ta sauka a can. Kai da ke da firinta da na'urar ɗaukar hoton takardu, ka gwada su a kan Linux tukuna kafin ka yi ƙaura.

Wuta kuwa, ka san halinta. In kamfanin wuta na SBEE ya ɗauke ana tsakiyar rubutu a faifai, abin da ke lalacewa ba takarda ɗaya ba ce, yana iya zama Windows ɗin gaba ɗaya. Ƙaramin UPS mai riƙe minti biyar ya wadatar ka kashe kwamfuta yadda ya kamata. Kada ka taɓa zare faifan sai fitilar akwatin ta mutu.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: a shagonka akwai hotunan takardun haihuwa, katunan shaida da sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane. Faifan da ke shiga aljihu yana iya faɗuwa a tasha ko a bayan babur. Ka kulle shi da BitLocker, wanda ke cikin Windows Pro, ka rubuta lambar ceto a takarda ka ajiye a gida, sannan ka riƙa kwafe aikin kowane mako zuwa tsohon faifan nan naka. Kada ka hau motar Djougou da shi sai ka yi waɗannan ukun.