Ɗan Kasuwa, Kula da Bakinka Kafin Ka Kai Ƙara

Ba a rasa jin labarin ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Dawanau da ya tafi kotu yana da yaƙinin gaskiya tasa ce, ya dawo ba kuɗin ba kayan, ga bashin lauya a wuya. Sau da yawa abin da ya kayar da shi bakinsa ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka ba mutum dila goma ta atamfa, kuka rubuta zai biya ƙarshen wata. Kasuwa ta yi sanyi, ya zo yana roƙo, ka ce masa, "Haba Alhaji, ba komai, kawo rabi-rabi har bayan Sallah." Ya dogara da maganarka, ya juya kuɗinsa wani wuri. Ana nan sai kuka ɓata, ka ɗauko tsohuwar takarda ka ce ya saɓa wa'adi. To, ka sani doka ba za ta saurare ka ba. Sashe na 169 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya tanadi cewa wanda ya sa wani ya gaskata abu da gangan, ta furuci ko aiki ko yin shiru, har wancan ya yi aiki a kai, ba shi da ikon musanta abin a shari'a. Lauyoyi suna kiran wannan estofel. A lura: har da yin shiru! Wanda ya bar yaron shagonsa yana karɓar kaya da sunansa shekara da shekaru bai taɓa tankawa ba, ran da aka kawo lissafi kada ya ce bai aike shi ba.

Misalinsa kamar maƙwabcin da ya ce maka, "Ɗora rufinka a katangata." Yana zaune a kan tabarma ka sayo azara, yana kallo magina suka kwaɓa ƙasa, har da yi musu sannu da aiki, aka yi yaɓe, aka kafa indararo, iyalinka suka tare. Sai da hadarin farko ya haɗo ya zo ya ce ka cire. Wane mai unguwa ne zai goyi bayansa?

A Landan ma an yi haka. A 1940, saboda yaƙi ya kori masu haya, masu wani bene da ake kira High Trees suka yarda su rage kuɗin hayar shekara daga fam 2,500 zuwa 1,250. Da ɗakuna suka sake cika a 1945, Mai shari'a Denning ya ce cikakkiyar haya ta dawo daga lokacin, amma ya bayyana cewa da cikon shekarun yaƙi suka nema, da ba su samu ba. Mu kuwa ba mu da uzuri ko kaɗan. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuma, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Abin kunya ne mutum ya san wannan tun yana makarantar allo, sannan ya yi cinikin miliyoyi da "Allah ya sa albarka" kawai, don wai neman takarda rashin yarda ne. Sakaci ne, ba kara ba. In ka yi rangwame, rubuta iyakarsa da ranar da zai ƙare, shaidu su sa hannu.

Batun kuɗin shari'a kuma, akwai na shigar da ƙara, na kai sammaci, na lauya, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara. A bisa al'ada wanda ya faɗi shi ake ɗora wa kuɗin ɗawainiya gwargwadon yadda alƙali ya ga ya dace, kuma da wuya abin da aka yanka ya kai abin da mai nasara ya kashe. Maganar da kotu ta riga ta yanke tsakaninku ba a sake shigar da ita sabuwa. Mai son sauƙi ya fara da shugabannin kasuwa, ko zauren sulhu na babbar kotu, irin wanda ake da shi a Kano da Legas.