Darasi: Haƙƙin Wanda Ya Ji Rauni a Bakin Aiki

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tuwon gidanmu ne kai tsaye. Da yawa daga cikinmu mazajenmu ko 'ya'yanmu suna aiki a masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa a Kano, wasu a wajen gine-gine, wasu direbobin kamfani ne. Mu kanmu akwai malamai, akwai ma'aikatan jinya, akwai masu shara a ofisoshi. To idan inji ya cinye wa maigida yatsu, ko ya faɗo daga kan bene, wa zai biya kuɗin asibiti? Wa zai ciyar da yara?

Abin da aka saba shi ne mai kamfani ya aiko da ɗan abin sannu, mu kuma mu ce ƙaddara ce, shi ke nan. Ƙaddara gaskiya ce, 'yar uwa, amma yarda da ita bai hana mutum karɓar haƙƙinsa ba.

Me doka ta ce?

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ce aka ɗora wa gudanar da ita. Tsarin kuwa shi ne: mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a cikin asusu, daga nan ake biyan duk wanda tsautsayi ya faɗa wa. Ki riƙe wannan da kyau: dokar ta hana a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.

Wa dokar ta shafa?

Ta shafi ma'aikacin gwamnati da na kamfani, na dindindin da na wucin gadi, da ɗan koyon aiki, ko da yarjejeniyar ta baka ce. Sojoji ne kawai aka ware. Kuma Hajiya, ki sani har 'yar aikin gida tana ciki, muddin ba 'yar gidan ba ce. Kin ga ke nan wata a cikinmu mai neman haƙƙi ce, wata kuma haƙƙin ne a wuyanta.

Wane irin rauni?

Akwai raunin da aka ji a bakin aiki, akwai ciwon da aikin ya jawo a hankali, kamar ciwon huhu saboda ƙura ko kurumta saboda ƙarar inji. Har haɗarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki dokar ta lissafa shi. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Me ake samu?

Na farko, kuɗin magani da kula da lafiya. Na biyu, idan mutum ya naƙasa gaba ɗaya har ba zai sake iya aiki ba, ana biyan sa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Misali, mai ɗaukar N70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, zai riƙa samun N63,000. Idan naƙasar ta wani ɓangare ce, ana duba yawan abin da ya ragu a samunsa. Na uku, idan rai ya yi halinsa, matar da aka bari da 'ya'ya 2 ko fiye tana da kashi 90 duk wata, mai ɗa 1 kuma kashi 85.

Matakan da za ki bi

1. A sanar da mai kamfani cikin kwana 14. Idan maigida yana kwance, ke ma kina iya sanarwa a madadinsa. A yi a rubuce: suna, rana, lokaci, wuri da yadda abin ya faru. Ki ajiye kwafi.

2. Shi kuma mai kamfani wajibi ne ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Ki bi sawu, ki tambaya ko ya kai.

3. A shigar da takardar neman diyya kafin shekara 1 ta cika. A nan ne mata da yawa suke yin asara. Ana zaman makoki, ana takaba wata 4 da kwana 10, ana rabon gado, kafin a farga lokaci ya tafi. Don haka tun kina takaba ki wakilta wani amintacce, wanki ko ƙanen mamacin, ya fara bin takardu.

4. Ki tara shaida: katin aiki, takardar albashi, rahoton likita, rasiɗin magani da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Gaskiya ne magungunan gargajiya da ɗori suna da masu yi, amma a je asibiti tukuna, domin rahoton likita shi hukuma take dubawa.

5. Kada maigida ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai fahimta ba. Ko da an sa shi ya ce ya yafe diyya, a wajen doka wannan yarjejeniyar ba ta da ƙarfi.

6. Idan hukuncin hukumar bai gamsar da ku ba, kuna da kwana 180 ku nemi ta sake dubawa. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Aikin gida

Yau da dare, bayan an ci abinci, ki tambayi maigida cikin ladabi: “Malam, wurin aikinku sun yi rajista da NSITF kuwa?” Idan bai sani ba, ya tambayi ofishin ma'aikata ko shugabannin ƙungiyarsu ta ƙwadago. Wannan tambaya ana yin ta ne tun mutum yana da lafiyarsa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan ki karanta wa maƙwabciyarki da ba ta iya karatu ba wannan darasi.

Allah ya tsare mana masu nema, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalam.