Fentin 'Yan Fim Mai Aiki Da Alkohol: Ina Hukuncin Tsarki Da Alwala?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako ya taso ne daga tambayar wani saurayi mai sana'ar yi wa 'yan wasan fim kwalliya. Aikinsa shi ne ya mai da yaro tsoho, ko ya zana wa lafiyayye rauni har mai kallo ya kau da kai. Ya ce akwai wani fenti da aikin ba ya kyau sai da shi, ba ya kuwa narkewa sai da alkohol. To, shin najasa yake shafa wa mutane? In kuma lokacin salla ya yi, yaya ɗan wasa zai yi da alwala?

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa, saboda haka bari mu fara duba fentin. Yana zuwa ne a busashe, cikin akwati mai gurabe kamar na fentin 'yan makaranta. Daga cikin waɗanda suka yi suna a Amurka akwai Skin Illustrator da Reel Creations. Garin launi ne aka haɗa da wani sinadari mai danƙo kamar ƙaro, wanda ruwa ba ya narkar da shi. Mai aiki yakan tsoma burushi cikin alkohol mai suna isofurofil, mai ƙarfin kashi 99 cikin 100, ya goga a kan launin, nan take ya narke. Mai kashi 70, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, ba ya yin aikin sosai, domin ruwan da ke cikinsa ya yi yawa. Da an shafa, alkohol ɗin sai ya bi iska cikin 'yan daƙiƙoƙi, launin ya manne.

Abin da ya sa masu sana'ar ke son sa shi ne yana shafuwa siriri, har a riƙa hango fata a ƙarƙashinsa. Mai son nuna kwanciyar jini yakan fara da ja, ya bi da shuɗi da shunayya, in kuwa raunin ya kwana biyu ne sai ya zagaye shi da kore da rawaya. Mai son tsufa yakan ja jijiyoyi a bayan hannu, ya kaɗa gashin burushi da yatsa launi ya yi yayyafi a fuska. Da shi ake daidaita launin hancin roba ko tabon ƙuna da launin jikin mutum. Gumi ba ya ɗauke shi, ruwa ba ya wanke shi, yakan wuni har ya kwana. Mai karatu ya riƙe wannan siffa ta ƙarshe, za mu komo kanta.

Mas'ala ta farko ita ce ta najasa. Mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce, hujjarsu kuwa aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, inda aka siffanta ta da ƙazanta. Haka ɗalibi zai tarar a cikin Askari, an lissafa abin sha mai sa maye cikin najasa. Amma Alƙurɗubi ya kawo a tafsirinsa cewa Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'adu, da Muzani almajirin Imamu Shafi'i, sun ce shanta ne haram, jikinta ba najasa ba ne. An kafa musu hujja da cewa ranar da aka haramta giya sahabbai sun tuttular da ita a hanyoyin Madina, ba a kuwa hana su ba. Shaukani da waɗansu malamai na baya sun bi wannan ra'ayi.

Wannan saɓani duk a kan giyar sha ne. Isofurofil kuwa ba daga inabi ko dabino ko dawa ake samunsa ba. Daga iskar da ke fita wajen tace man fetur ake yin sa, tun 1920 da aka fara sarrafa shi a Amurka. Ba za mu ɓoye cewa wanda ya sha shi hankalinsa zai gushe ba, amma gushewa ce irin ta guba, wadda ke kai mutum asibiti ko kabari, ba a kuwa yin sa domin sha. A watan Janairu na 2002 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta halatta amfani da alkohol a bayan fata wajen tsabtace rauni da kashe ƙwayoyin cuta da haɗa man shafawa na magani. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne wannan sinadari ba najasa ba ne, mai shafawa da wanda aka shafa wa babu laifi a kansu ta wannan fuska. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya wanke wurin kafin salla, ya fita daga saɓani, kada kuma ya zargi wanda bai wanke ba.

Mas'ala ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma mutane suka fi sakaci da ita, domin sunan alkohol ya ɗauke musu hankali. Wanke fuska da hannuwa zuwa gwiwar hannu farilla ne, a mazhabar Malik kuma cuɗawa ma farilla ce. Sharaɗi ne ruwa ya sadu da fata ba tare da shamaki ba. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar girman farce a ƙafarsa, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya mai da shi ya gyara. In lam'a kamar farce ta sa an koma, ina ga goshi da kumatu?

Malamai sun bambanta launi da jiki. Lalle launi ne: an wanke ganyen ya tafi, rinin ya shiga fata, ruwa na ratsa shi. Kakin zuma da jan farce kuwa jiki ne da ke zaune bisa fata. Wani zai ce ai wannan fenti siriri ne, ko da yatsa ba a jin tudunsa. To, ya gwada da kansa. Ya ɗiga masa ruwa, zai ga ruwan ya dunƙule ya gangare. Ya sa auduga da alkohol ya goge, zai ga launin ya koma kan auduga, fata ta fito fes, abin da lalle ba ya yi. Masu sayar da shi ma da wannan suke tallarsa, cewa ruwa ba ya cin sa. Ba ya yiwuwa mutum ya saye shi domin yana tare ruwa, sa'an nan a bakin buta ya ce ba ya tarewa. Saboda haka shamaki ne, alwala a kansa ba ta inganta in yana kan gaɓar da ake wankewa, haka nan wankan janaba ko na haila ko'ina yake a jiki.

Kada kuma a kwatanta shi da shafa a kan ɗaurin karaya ko bandeji. Wannan rangwame ne ga mai ciwon gaske wanda ruwa zai cutar. Raunin da aka zana da burushi ba ya jawo rangwame, kuma tsadar fenti ko gaggawar mai ɗaukar hoto ba uzuri ne na taimama ko fitar da salla daga lokacinta ba.

Mafita tana da sauƙi ga wanda ya shirya. Ɗan wasa ya yi alwala cikakkiya kafin ya zauna a kujerar kwalliya. Shafa fentin ba ya warware alwala, in ya riƙe ta sai ya yi salla da kwalliyarsa, ko da jinin ƙarya a rigarsa, domin mafi yawansa ruwan sukari ne da launin abinci. In ta warware, sai a goge abin da ke fuska da hannu da alkohol ko man da aka tanada domin haka, a sake bayan salla. Abin da ke ƙirji ko baya ko cinya ba ruwan alwala da shi. Nauyi a nan yana kan shugaban aiki, wanda ke tsara lokaci: aikin da aka fara da hantsi aka gama kafin ƙarshen lokacin azahar bai takura kowa ba.

Zanen da aka yi da wannan fenti ba ya shiga cikin hanin da ya zo a kan zanen allura, wanda ake cusa launi ƙarƙashin fata ya zauna har abada. Amma hukuncin aiki yana bin manufarsa. Akan zana raunuka da shi domin koya wa ɗaliban asibiti da masu agajin gaggawa, wannan abu ne mai kyau. Wanda kuwa ya zana gyambo domin bara, ko kumburi domin ya kai ƙarar wani gaban alƙali, ya yi ha'inci, mai kwalliyar da ya san nufinsa ya taya shi kuma yana da kasonsa.

Kiyaye lafiyar wanda ake yi wa aiki shi ma wajibi ne. Alkohol mai kashi 99 yana kama wuta da sauri, kada a buɗe shi kusa da taba ko kyandir ko janareta. A yi aiki inda iska ke shiga, a nisanci ido da fatar da ta tsage, in za a shafa kusa da ido a bar burushi ya ɗan sha iska tukuna, mutum kuma ya rufe idonsa. Kwalbarsa a rubuta mata suna, a ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa, domin a ido ba ta da bambanci da ruwan sha.

Allah ne Mafi sani.