Siffar Jarrabawa da Amincin Makin da Take Bayarwa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa ba a auna abu sau ɗaya a ce an gama. Idan aka ce a auna tsawon tsiron masara, akan auna sau uku ko huɗu a ɗauki matsakaici, domin kowane awo yana ɗauke da ɗan kuskure. To, jarrabawa ita ma awo ce. Abin da take aunawa shi ne ilmin da ke kan ɗalibi, maki kuwa shi ne lambar da ma'aunin ya nuna. Amma da zarar maki ya fito, sai a karɓe shi kamar babu shakka a cikinsa: mai 52 ya ci, mai 48 ya faɗi, ya maimaita aji. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai karatu cewa siffar da aka tsara jarrabawa a kai tana da hannu wajen yawan kuskuren da ke cikin maki.

Mene ne amincin jarrabawa?

Idan mai awo ya auna maka tiyar gero yau, gobe ya sake auna geron nan ya sami tiya ɗaya daidai, sai mu ce awonsa amintacce ne. Haka yake ga jarrabawa. Tambayar ita ce: da za a sake ba ɗaliban nan wasu tambayoyi makamantan waɗannan, ko a ba wani malami takardunsu ya gyara, shin na ɗaya zai zauna na ɗaya, na ƙarshe ya zauna na ƙarshe? Masana suna bayyana wannan da lamba tsakanin 0 da 1. Idan lambar ta kusanci 1, aminci ya yi ƙarfi. Idan ta gangara wajen 0, maki ya zama caca. Ƙofofi uku ne manya da kuskure ke shigowa ta cikinsu: mai gyaran takarda, da canki, da ƙarancin tambayoyi.

Ƙofa ta farko: mai gyaran takarda

A 1912 wasu malamai biyu na Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka kwafi takardun Turanci na ɗalibai biyu, suka aika wa makarantun sakandare domin malamansu su ba da maki. Malamai 142 suka gyara. Takarda ta farko ta sami maki daga 64 zuwa 98, ta biyu daga 50 zuwa 97. Da aka ce ai Turanci ne, kowa da ra'ayinsa, sai suka maimaita gwajin da takardar lissafi a 1913. Abin mamaki, bambancin ya ma fi na da: takarda guda ta sami ƙasa da 30 a hannun wani malami, sama da 90 a hannun wani. Dalili kuwa shi ne, wani amsar ƙarshe kawai yake dubawa, wani yana ba da maki a kan hanyar da aka bi, wani kuma yana ragewa saboda ƙazantar rubutu.

Wannan ita ce babbar cutar tambayoyin dogon bayani, waɗanda ɗalibai ke kira tiyori. Maganinta shi ne tsarin ba da maki a rubuce, wanda ya fayyace abin da kowane maki ke nema. Shi ya sa Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, take tara masu gyara kafin su fara aiki, su yi gwaji da takardu iri ɗaya har hannunsu ya daidaita.

Ƙofa ta biyu: canki

A wajen 1915 Frederick Kelly, wanda shi ma ya yi bincike a kan saɓanin makin malamai, ya fito da wata jarrabawar karatu a jihar Kansas mai ba ɗalibi amsoshi ya zaɓi ɗaya. Ana lasafta ta cikin na farko a irin tambayoyin zaɓi, wato objektif. A nan an toshe ƙofar farko, domin ko wa ya gyara, amsa ɗaya ce. A yau ma na'ura ke gyarawa. Tun 2015 Hukumar JAMB da kwamfuta take gudanar da jarrabawarta ta shiga jami'a.

Sai dai wata ƙofa ta buɗe. Ɗalibin da bai san komai ba yana iya canka ya dace. Mu yi lissafi. A tambayar “gaskiya ko ƙarya”, damar dacewa ɗaya ce cikin biyu. Idan tambayoyin goma ne, mai canki zalla zai sami biyar ko fiye a kusan sau 62 cikin 100. Idan aka mayar da tambayoyin nan goma masu amsoshi huɗu, damar samun biyar ko fiye ta sauko zuwa kusan 8 cikin 100. Idan kuwa tambayoyin masu amsoshi huɗu suka kai 50, damar samun rabi ta hanyar canki ba ta kai ɗaya cikin dubu ba.

Amma fa lissafin nan yana tafiya ne idan amsoshin ƙarya suna da kama da gaskiya. Alal misali, idan aka tambayi sashen ƙwayar halitta da ke sarrafa abinci daga hasken rana, aka sa “ƙashi” cikin amsoshi, ba wanda zai zaɓe shi. Amsoshi huɗu sun koma uku ke nan. A 2005 Michael Rodriguez ya tattara binciken shekaru 80 a kan wannan batu, ya nuna cewa amsoshi uku masu kyau sun wadatar a yawancin lokuta, domin lokacin da aka rage sai a ƙara yawan tambayoyi da shi.

Ƙofa ta uku: ƙarancin tambayoyi

Mai nazarin halittu da yake son sanin yawan ciyawar da ke fili ba ya ƙirga kusurwa ɗaya ya tafi. Yakan ɗebi samfuri daga wurare da dama. Tambayoyin jarrabawa samfuri ne daga manhaja. Idan tambayoyi uku kacal aka yi daga karatun shekara guda, wanda ya karanta numfashi da narkewar abinci ya dace suka fito zai yi fice, wanda ya fi shi sani amma ya yi rauni a nan zai sha ƙasa.

A 1910 Charles Spearman da William Brown na Ingila, kowa a nasa aikin, suka fito da ƙa'idar da ke nuna yadda tsawon jarrabawa ke ƙara aminci. Bisa ƙa'idar, jarrabawar da amincinta yake 0.60, idan aka ninka tambayoyinta sau biyu da makamantansu, zai hau zuwa 0.75, idan sau uku ne, ya kai kusan 0.82. Likitoci ma sun ɗauki wannan darasi. A 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Sikotilan suka bayyana tsarin da ɗalibin likita ke zagaya tashoshi gajeru masu yawa, kowace da nata aikin da mai dubawa, maimakon a yanke masa hukunci a kan majinyaci guda.

Gwaje-gwajen hankali da ɗabi'a

Abin da muka faɗa ya shafi gwaje-gwajen masana halayyar ɗan Adam. Gwajin Hermann Rorschach na 1921, inda ake nuna wa mutum katuna goma masu ɗigon tawada ya faɗi abin da ya gani, ya daɗe yana shan suka saboda masu fassara amsoshin sukan saɓa wa juna. Tsarin Rensis Likert na 1932 kuwa, mai matakai biyar daga “na yarda ƙwarai” zuwa “ban yarda ba sam”, ba ya dogara da fassarar kowa, amma akwai mutanen da suke da halin amsa “na yarda” ga kusan duk abin da aka tambaye su.

Aminci ba shi ne dacewa ba

Tiyar da aka bubbuge gindinta kullum awo ɗaya take bayarwa, amma kullum tauye mai saye take yi. Jarrabawar zaɓi tana iya zama amintacciya ƙwarai, alhali ba ta auna ko ɗalibi ya iya yanka fure ya zana sassansa, ko ya iya tsara hujja a rubuce. Wannan ne hikimar raba jarrabawar nazarin halittu ta WAEC gida uku: zaɓi, da dogon bayani, da aikin hannu. Kowace siffa tana rufe raunin ’yar’uwarta.

Kammalawa

Mu koma ga mai 48 da mai 52. A ajin da makinsa ya warwatsu da ma'aunin warwatsuwa 10, in amincin jarrabawar 0.75 ne, kuskuren awo yakan kai maki 5 sama ko ƙasa. Tazarar maki 4 da ke tsakaninsu ba ta ko kai girman kuskuren ba. Saboda haka ya kamata malami ya yawaita tambayoyi su game manhaja, ya rubuta tsarin ba da maki kafin ya buɗe takarda, ya gyara tambaya ɗaya a dukkan takardu kafin ya wuce ta gaba, ya rufe sunaye, kuma ya sake duba takardun da ke bakin iyaka tare da makin gwaje-gwajen zango. Ɗalibi kuma ya karanta manhaja duka, kada ya dogara da hasashen abin da zai fito.

Aikin yi: malamai biyu su gyara takardu goma iri ɗaya ba tare da ganin makin juna ba, sannan su kwatanta. Su rubuta tsarin ba da maki tare, su gyara wasu goma, su ga ko tazarar ta ragu.